Hannun Baba

"Baba, janye hannunka, kana ɓata min hoton."

Wata uku 'yar mai ɗinkin takalman tana ɗora aikinsa a intanet, kan farin ƙyalle tas. Bini-bini ta duba waya, shiru. Ranar nan garin sauri ta saki bidiyo ba ta yanke ba. Ga hannunsa a ciki, duk ya yi kanta, yana jan zare.

Wayar ta hana ta sakat. Saƙo kan saƙo: "Mai hannun nan nake so ya ɗinka min."

Washegari tana ɗaga wayar, ya yi maza ya cusa hannuwansa ƙarƙashin tebur.

Ta sauke wayar a hankali.

"Baba," ta ce, "fito da su."