Ranar da Jirgin Iri Ya Kwance

Ke Barira! Mace da 'ya'ya biyu, ki tsaya kina murza bakin zane kina tambayata wai ko mai al'ada tana shiga rafi? Ni ban taɓa zama a aji ba, amma na san an ce mai haila ta ajiye salla da azumi. Ban ji inda aka ce ta ajiye hankalinta ba. Zauna ki ji.

Wata mata aka kai aure wani ƙauye a bakin gulbi, gwanar iyo ce, ko agwagwa albarka. Da zuwanta aka gaya mata mai jini ba ta taɓa gulbin nan, in ta shiga 'yan ruwa za su ja ƙafarta. Ta yarda. Duk wata sai ta yi kwana biyar tana kallon ruwa daga tudu kamar baƙuwa. Ran nan da hantsi, tana cikin kwanakinta, mijin ya loda irin shinkafarsu kaf a jirgi za a haye da shi fadama, ya koma gida ɗauko fartanya. Igiya ta zame daga turke. Jirgi ya kama hanya sannu sannu kamar mai tafiya cikin barci, da abincin shekara a cikinsa. Ta duba gabas, ta duba yamma, ba kowa sai balbela. Ta tamke zane, ta yi bisimilla, ta faɗa.

Ruwan ya karɓe ta, samansa ɗumi, ƙasansa sanyi. Gizagizai na kwance a kansa, tana raba su da hannu suna haɗewa a bayanta. Furen bado ya buɗe fari fat, sai kaɗa kai yake in ta wuce. Ciwon marar da ya dame ta tun safe ya saki kamar an kwance ƙulli. Tana ta jiran hannun da zai cafke ta. Abu ya shafi ƙafarta, ta duba, ashe saiwar kainuwa ce. Ta cim ma igiyar, ta cije ta da haƙori, ta jawo jirgi gaɓa, ko ƙwaya ba ta jiƙe ba. Ta shiga bayan ciyawa ta sake ƙunzugu, shi ke nan. Da labari ya kai wa wata tsohuwa a garin, dariya ta yi har da tari. Ita ta ƙirƙiro zancen tun tana da haƙora, don 'yan mata su daina wanke ƙunzugu inda ake ɗiban ruwan sha.

To kin ji. Shiga ruwanki, amma ki gangara ƙasa da inda mutane ke ɗiba, in kin fito ki sa busasshen tsumma. Waccan ta shekara nawa tana zaune a tudu saboda an ce, rana ɗaya ta jiƙe ta huta. Gani ya kori ji.

Ku kuma masu laɓe, ga ƙafafunku nan a ƙarƙashin asabari. Maza ku wuce ku kwanta.