Ƙaramin Inji

"Ƙaramin zan ɗauka," in ji tsohon.

Bakaniken ya ajiye kofin gahawarsa a kan babban injin, wanda ya sha wuya kafin ya samo shi a kasuwar tsofaffin injuna ta Zarƙa.

"Haba Alhaji! Tun da motar nan ta iso cikin akwatuna kake haɗa ta noti bayan noti, kana ce mini sai ta yi ruri a gangaren Tekun Gishiri. Yanzu injin keken ɗinki za ka sa mata?"

Tsohon ya dafa gangar motar, wadda ƙarti huɗu za su iya ɗagawa. Tun da likita ya ce da wuya ya ga kakar zaitun mai zuwa, tsayuwa ma ta zame masa aiki.

Bakaniken ya sassauta murya. "In lokaci kake ji, wallahi sati uku na ɗora babban. Za ka hau ta."

"Faɗa mini gaskiya, ɗan'uwa. In sabon hannu ya taka totur a kwana da babban nan fa?"

"Mota ba nauyi? Juyawa za ta yi, sai dai a kwaso gawa. Amma kai shekara arba'in kana tuƙi."

Tsohon ya ɗauke kofin daga kan babban injin, sannan ya ja buhu ya rufe shi.

"Sa ƙaramin. Kuma ka kwance kujerar nan ka matso da ita gaba kaɗan. Ƙafar 'yata ba ta kai birki."