Rawani Ba Ya Buga Ƙwallo

Ina firamare ranar da sabon Magajin ƙauyenmu ya tuɓe rawani ya shiga wasan ƙwallo a Kasuwar Daji. Kawuna ne mai lasifika. Da Magaji ya ɓarar da fenariti, sai Kawu ya kira sunansa a lasifika ya ce, "Haba Isiya, ka kashe mu!"

Wani bafade ya taso zai ƙwace lasifikar. Kawu ya riƙe gam, ya ce, "Rawani ba ya buga ƙwallo. In ya naɗa, ni zan fara faɗuwa."

Da aka tashi Magaji ya naɗa rawaninsa, Kawu kuwa ya faɗi ya yi gaisuwa.

Yau ni ke rubuta labarin wasanni. Mai miƙa kofi ina jera masa muƙamansa. Mai gudu a fili kuwa, sunan da ubansa ya raɗa masa ya ishe shi.