Matar da Jiginta Ke Maƙalewa

Jigin ya taɓa ƙasan teku, zaren ya saki, amma matar ba ta ɗaga sandar kamun kifin ba. Kyaftin Urabe ya leƙo daga ɗakin tuƙi.

"Uwargida, ɗaga mana. Ƙarfe ne fa, ba kaza ba. Ba ƙwai zai yi miki a can ba."

"Yi haƙuri, Kyaftin. Hannun ne ba ƙwari."

Aikin ba shi da wuya. Jigi guntun ƙarfe ne mai siffar kifi, da ƙugiyoyi sama da ƙasa. Ka sake shi ya nutse mita ɗari biyu, da ya taɓa ƙasa ka ɗaga sanda, ka yi wa zaren rabin naɗi, ka bar shi ya faɗo yana tangaɗi kamar kifin da ya ji rauni. Babban kifin da ya ɓuya cikin duwatsu ba ya iya haƙuri idan ya ga mai rauni, dole ya fito. Doka ɗaya ce kawai, kada jigi ya kwanta a ƙasa.

Ita kuwa matar nan, Nagamine Fumie, wata bakwai ke nan tana karya wannan doka. Duk Laraba ta ɗauki shatar jirgin ita kaɗai, duk Laraba jiginta ya maƙale. Urabe ya fito yana gunaguni, ya naɗe zaren a guntun katako, ya juya jirgi, ya yi ta ja har ya kuɓuto shi. Kowa a tsibiran Goto ya san shi da wannan taurin kai: ba ya barin jigi a ƙasa. Ita kuma ta rusuna ta yi godiya, ta taɓa agogon hannunta, ta ce mako mai zuwa a gwada wani wurin, ko a can za ta yi sa'a.

Ya kai ta ko'ina, ban da wuri ɗaya.

Shekara huɗu da suka wuce, shi da abokin sana'arsa Kajiwara Noboru, wanda ya koya masa rabin naɗin nan, suka yi sa-in-sa a kan sayar da jirgin. A tsakiyar teku Urabe ya ɗaga ƙarfen buɗe inji ya buga masa sau ɗaya tak, Noboru bai sake tashi ba. Da ya dawo ya shaida wa masu gadin teku cewa Noboru ya zame ya faɗa ruwa a arewa, kuma a can aka yi mako guda ana nema. Alhali gawar Noboru tana kudu a ƙasan teku, naɗe da sarƙar anga, ƙarfen tsayar da jirgi, daidai inda hasumiyar fitila ke shiga tsagin dutse idan ka waiwayi gaɓa. Tun ranar Urabe bai yarda ƙugiya ko ɗaya ta sauka a wurin ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske.

Yau da hantsi iska ta juya. Ruwa ya rinƙa jan jirgin kudu fiye da lissafinsa, shi kuma ya shagala da gyaran wani famfo da ke tsiyaya. Da ya ɗago kai, hasumiyar ta kusa shiga tsagin.

"Naɗe zarenki, za mu tashi."

"To, Kyaftin. Bari ya ɗan ƙara taɓa ƙasa."

"Na ce ki naɗe!"

Ta fara juya hannun abin naɗin a hankali, kamar mai dama kunu. Zaren yana canza launi duk mita goma, ja ya shigo, kore ya biyo. Sai ta ce yatsanta ya zame, duk abin da ta naɗe ya koma. Hasumiyar ta zauna daram a cikin tsagin.

Sandar ta lanƙwashe.

"Ya sake maƙalewa," in ji ta. Ta ɗan ja. "Amma wannan ba kamar dutse ba ne. Yana biyo ni kaɗan, sai ya tsaya."

Guntun katakon yana nan rataye inda ya saba, kusa da hannun Urabe. Ya san idan ya naɗe ya ja, zaren nan zai iya ɗaga abin da ya fi mutum nauyi. Ya tsallake katakon, ya zaro wuƙar yankan kifi, ya sa wa zaren.

Sandar ta miƙe. Ba a jin komai sai ruwa yana lasar jikin jirgi.

"Dutsen nan mugu ne," ya ce. "Zan ba ki wani jigin."

Ba ta rusuna ba. Ta taɓa agogonta, ta ciro waya ta danna, ta mayar aljihu. Sannan ta ɗauko sabon jigi, ta ƙulla shi da hannu ɗaya ba tare da ta duba ba, ta datse bakin zaren da haƙori. Mutum ɗaya Urabe ya taɓa gani yana ƙulli haka.

"Sau talatin da ɗaya na kwantar da jigi a ƙasa da gangan, Kyaftin, sau talatin ka ciro min shi. Ajiye wuƙar, agogon nan ya riƙe inda muke, na riga na tura wa masu gadin teku." Ta dubi ruwan da zaren ya nutse, idonta ya ciko. "Rabin naɗin da Noboru ya koya maka, ni na koya masa yana ɗan shekara tara. Ƙanena ne."