Shuɗin Ɗigo a Taswira

"Dakata, Malam!" yarinyar ta ce tana haki, mai saran itace ya riga ya ɗaga gatari.

Ita ce ta nace a sare bishiyar da ke tsakar gidansu, don ta gaji da sharar ganye. Yau kuwa, a wurin koyon aikinta, aka tura mata hoton tauraron ɗan Adam a waya don ta auna zafin gari. Unguwarsu ta fito jawur, sai shuɗin ɗigo guda mai sanyi. Tana matso da hoton, sai ga tsakar gidansu.

Kaka, wadda ta dasa bishiyar, ta leƙa wayar ta tuntsire da dariya.

"Sai da aka hau sama kika san daɗin inuwa, 'yar nan?"

Ta miƙa mata tsintsiya.