Hannun Trevor

"Ci kifinka, mutumina, komai ya wuce," na ce wa Trevor, ina yanka masa soyayyen kifi da kaina, tunda hannunsa na dama na rataye a wuya.

Hannun nan ne ya ci aikina. Trevor ya rantse wa manaja cewa ni na sako masa akwati a kafaɗa, hannu ya mutu. Aka kore ni, shi kuwa yana kwance a gida albashi na shigowa. Duk da haka na gayyato shi garin Whitby hutun ƙarshen mako, wai mu shirya.

Da yamma muka shiga mashaya. Budurwata Maureen tana ɗaukar makaɗa a waya, ni ina jifan allo da 'yan kibau, ina ɓarar da su da gangan.

"Allah sarki Trevor," na ce da ƙarfi. "Da can gwanin jifa ne, yanzu ko cokali sai an ɗaga masa."

Maureen ta taɓe baki. "Wannan? Ko bango ba zai samu ba."

Ai kuwa Trevor ya fizge ɗaurin, ya warce kibau da hannun daman. Uku ya jefa, duk suka cake a tsakiya. Mai mashaya ya kaɗa ƙararrawa, aka ɓarke da tafi.

"Kin gani, 'yammata?" ya ce wa Maureen.

"Na gani, na kuma ɗauka a waya," in ji Maureen, tana nuna ni. "Ni ba budurwarsa ba ce. Kamfaninku ne ya turo ni binciken hannun nan."

Na tura masa ragowar soyayyen dankalin da nake ci.

"Ci da kanka, mutumina. Barka da warkewa."