Mai Daddawa da Jemagun Cediya

Ɗan'uwa, ka ce kai ba ka ga abin da ya haɗa rayuwar wata halitta da ta wata ba, kowa cikinsa yake yi wa hidima. To, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wata mata mai daddawa a wani ƙauye, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya. Ba ta da gona, ba ta da akuya. Abin da ta mallaka duka shi ne itatuwan ɗorawa da ta gada a bayan gidanta, sai wata tsohuwar cediya a tsakar gida wadda jemagu suka mayar masauki tun zamanin kakanta. Da ɗorawar nan take rufa wa kanta asiri: ta sayar da garin ɗorawar, ta dafa kalwar ta yi daddawa, ƙamshinta kuwa har ƙauyukan kewaye an san shi. Ana nan sai mazan garin suka dasa lambunan mangwaro, jemagu suka ga banza ta faɗi, suka shiga ɓarna. Mutane suka fusata, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Aka tashi da hayaƙi da jifa da kiɗan gwangwani, aka sare duk itacen da jemagu ke kwana a kai. Waɗanda suka tsira ba su da wurin zuwa sai cediyar matar nan, suka taru har rassanta suka yi baƙi. Ita ta fi kowa shan wuya, don kullum sai ta share kashinsu, shanya kuwa sai ta kai ta bayan katanga.

Rannan ƙanenta ya shigo da gatari a kafaɗa, ya ce gari ya aiko shi, cediyar nan kaɗai ta rage. Ta dube shi, ta dubi rassan, ta hangi uwayen jemagu da jariransu manne a ƙirji. Zuciyarta ta karye. Ta kuma tuna abin da ta sha gani da magariba in ta dawo daga itace: jemagu na rataye jikin jan tutun ɗorawa, wato furenta, suna lasar zaƙinsa, ƙirjinsu ya yi rawaya da garin fure, su tashi daga wannan itace su faɗa wancan. Ba ta san fassarar abin ba, amma ta san baƙon da ke zuwa wurin ɗorawarta kowace yamma ba ta taɓa ganin ya rage mata komai ba.

Ta ce, “Ajiye gatarin nan, ɗan'uwana. Sun zo neman mafaka a gidana, ba zan kore su ba. Ku ɗaure wa mangwaronku raga.”

Ya fita yana ƙunƙuni. Daga ranar aka sa mata suna Uwar Jemagu. Wasu mata suka daina sayen daddawarta, wai tana warin jemage, alhali ko kusa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta yi kuka a ɗaka, don da cinikin nan take ciyar da marayu. Amma da gari ya waye ta ɗauki tsintsiya ta share ƙarƙashin cediya kamar kullum, ta kwashe kashin ta zuba a gindin 'yar kuɓewar da ta shuka a gida. Mace ce mai taurin kai irin wanda ake so.

Da rani ya shigo, ɗorawar garin duka ta yi tutu, jajir gwanin sha'awa. Sai dai itatuwan da ke can ƙetaren rafi, inda aka sare masaukan jemagu, tutunsu ya bushe ya zube, 'ya'yan da suka kama ba su taka kara sun karya ba. Na bayan gidan matar nan kuwa suka yi lodi har rassa suna sunkuyawa. Ga sirrin, ɗan'uwa: fure ba ya zama ɗa sai garin wani fure ya iso gare shi, itace kuma ba shi da ƙafar da zai kai da kansa. Shi ya sa ɗorawa ke buɗe tutunta da yamma ta zubo ruwa mai zaƙi, jemage ya sha ya ƙoshi, ya ɗauki garin a gashinsa ya kai wa wata. Ƙudan zuma na yin nasu da safe, amma babban dakon na jemage ne. Ɗorawa ta ciyar da shi, shi ya haifar mata, mutum kuma ya samu abin miya. Ka cire ɗaya, sauran biyun su ji a jikinsu.

A shekarar nan matan da suka yi mata dariya su ne suka yi layi a ƙofarta da ƙwarya, suna neman kalwa. Ba ta goranta wa kowa ba, ta auna musu har da gyara. Da damina ta faɗi, ƙanenta ya sake shigowa da gatarinsa, ta zaci sare cediyar ya zo yi. Ashe reshenta ɗaya ya zo roƙo, zai dasa a ƙofar gidansa.

Ka ga wadda ta ba abin da kowa ya tsana wurin kwana, shi kuma ya cika mata rumbu ba tare da ya san ya yi ba. Gaskiyar Hausawa da suka ce, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.